Baƙin Akushi: Tarihin Sassaƙa Da Gadon Gida A Ƙasar Matazu

Ran nan muka je rabon gadon wani dattijo, danginmu ne ta wajen uwa, a wani ƙauye na ƙasar Matazu, can wajen gulbin Karaduwa. Malamin da aka kira ya zauna bisa buzu a zaure, aka riƙa fito da kaya ana yi musu ƙima, shi kuwa yana rubutawa. Aka ƙimanta gonaki, da shanun huɗa biyu da garmarsu, da babur, da buhunan masara, da riguna, har da wata rediyo wadda ta daɗe da daina magana. Can wajen ƙarshe sai wani yaro ya jawo wani baƙin akushi daga ƙarƙashin gado, duk ya yi ƙura, ga ɗinki a gefen bakinsa. Malam ya dube shi, ya ce, "To, wannan kuma nawa za a sa masa?" Zaure ya yi tsit. Wani cikin samarin gidan ya yi dariya, ya ce a bar wa kaji su riƙa shan ruwa. Ana nan sai babbar 'yar mamacin, wadda ita ma ta yi jikoki, ta aiko daga cikin gida, ta ce in ba mai so a sa shi cikin rabonta, ko nawa aka yanka masa ta yarda.

Da taro ya watse muka shiga gaishe ta, muka tambaye ta dalili. Ta ce, "Ku yaran zamani, ai akushin nan ya girmi duk mai numfashi cikin gidan nan." Ta ce kakanta ne ya saye shi da damen gero guda, a kakar da ta biyo bayan yunwar Kakalaba, don murnar Allah Ya sa an sake ganin tuwo. To, Kakalaba cikin 1914 aka yi ta, watau akushin ya wuce shekara 100 ke nan. Cikinsa kakan ya yi ta cin tuwo har ya bar duniya, ɗansa ya gada, shi ne wanda muka zo rabon gadonsa. Tsagar bakin nan kuwa, in ji ta, ta shekarar 'Yar Gusau ce, yunwar 1942, ran da yara suka yi kokawa bisa ɗan ƙanzon da ya saura a ciki har ya suɓuce ya faɗi.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami ke nan. Sarakuna suna da maroƙa da marubuta da tambura masu riƙe musu tarihi, malamai suna da kundi, amma talaka manomi tarihin gidansa yana cikin 'yan kayan da hannunsa ke taɓawa kullum. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, haifaffen Musawa maƙwabciyar Matazu, wanda littafinsa na tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883 ya fito cikin 1981, ya sha wahalar bin garuruwa yana jin ta bakin tsofaffi, don ya nuna labarin ƙasa ya wuce jerin sunayen waɗanda suka hau gadon sarauta, akwai fatake a ciki, da manoma, da masu sana'a. Mu kuwa yau masassaƙa za mu ɗauka, mu ga inda suka fito, da abin da suka bar mana a tsakar gida, da yadda ya ke sulalewa daga hannunmu.

Sassaƙa tsohuwar sana'a ce ƙwarai a wannan yanki na duniya. Cikin 1987 wani Bafillace makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin ƙasar da ta ke Jihar Yobe yanzu, sai ya ci karo da wani itace kwance a ƙarƙashin ƙasa. Da masana na jami'ar Maiduguri da na Jamus suka zo suka tone, har suka fid da shi cikin 1994, sai aka ga ashe jirgin ruwa ne na gungume ɗaya, tsawonsa ya fi mita 8, shekarunsa kuwa wajen 8,000. Duk Afirka ba a san jirgin da ya girme shi ba. Ba mu ce Bahaushe ne ya sassaƙa shi ba, gama a wancan zamani ko sunan Hausa babu, ƙarfe ma ba a san shi ba, da gatarin dutse aka yi aikin. Amma akwai abin lura a nan. Jirgin Dufuna ya tsira ne don laka mai danshi ta rufe shi, iska ba ta shiga, gara ba ta kai gare shi. In ba haka ba, itace a ƙasarmu ba ya daɗewa. Gara tana nan, ƙwaro yana nan, ga damina ga hunturu, ɗaya ya kumbura shi ɗaya ya tsage shi. Saboda haka duk inda kuka ga abin itace ya shekara 100 cikin gida, ku tabbata akwai hannayen da suka yi ta wanke shi, suna shafa masa mai, suna ɗauke shi daga ƙasa, kowace rana ta Allah, tsara bayan tsara.

A zamanin da, ba wata sana'a da ke tafiya sai da masassaƙi. Maƙeri ya ƙera ruwan fartanya, amma sai an sa mata ƙota ta yi noma. Masaƙi na bukatar ƙoshiya, masu bugu a marina na bukatar gungume da sandunan bugu, makaɗi na bukatar kwangon ganga da na kalangu, barde na bukatar sirdi, almajiri na bukatar allo. Mata kuwa kada ma a faɗa, daga turmi da taɓarya har muciya da maburgi da kujerar tsakar gida. Sana'ar gado ce, ɗa ya kan tashi ya ga ubansa da gizago a kafaɗa, kuma yawancinta aikin rani ne, in an gama kawo amfanin gona gida. A manyan garuruwa a kan naɗa musu sarki nasu, shi ke raba musu gardama, shi ke tsaya musu wajen masu gari.

Ƙasar kudancin Katsina ta taimake su da abin aiki. Bayan jihadi, sa'ad da Malam Ummarun Dallaje ya karɓi birnin Katsina wajen 1807, zuriyar sarakunan da aka kora suka kafa Maraɗi, aka yi shekaru ana kai wa juna hari. Tsoron hari ya sa mutane suka tattaru cikin garuruwa masu ganuwa, ba mai yarda ya yi nisa da gona, sai daji ya yi kauri tsakanin gari da gari, manyan itatuwa suka samu sukunin tsufa. Da Turawa suka ci ƙasar cikin 1903 hari ya ƙare, sai jama'a suka fara fita suna saran daji suna kafa unguwanni. Wannan alheri ne babba ga manomi, ba mai musu. Amma tun daga ran nan dajin masassaƙi ya fara ja da baya.

Masassaƙin ƙwarai ya san halin itatuwa kamar yadda makiyayi ya san halin shanunsa. Kirya ita ce sarauniyar turmi, ga nauyi ga tauri, gara ba ta cika kusantarta ba, sai dai kullum suna takara da maƙera a kanta, gama gawayinta ya fi kowane riƙe wuta. Marke ya kan ba da taɓarya da ƙota. Aduwa ta allo ce, don namanta a matse ya ke, yana yin sumul, ba ya shanye tawada. Alilliba ta ganga ce, don ba ta da nauyi kuma tana da amo. Akushi kuwa a kan nemi itacen da ke karɓar gizago yana ɗanye, sa'an nan in ya bushe ba ya saurin tsagewa, irin su danya da kawo da maɗaci. Ɗorawa da kuka da tsamiya da ɗanyar kaɗanya ba a taɓa su, gama abinci ne, wanda ya sare su ya sari miyar gari.

Ga yadda a ke fid da akushi daga gungume. In an ka da itace a kan yanke shi guntu-guntu, kowane guntu a tsaga shi biyu bisa tsawonsa, kowane ɓari akushi ɗaya ke nan. Da gatari a ke rage shi ya ɗauki siffa, sa'an nan masassaƙi ya zauna ya tokare shi da ƙafa, ya sa gizago yana sara yana juyawa, yana sara yana juyawa, har bayan ya kewaye. Cikin kuwa da kurfi a ke rarake shi. Nan gwaninta ta ke, don ba ma'auni ba igiya, sai ido da tafin hannu. Ya kan sa yatsa ciki da waje ya ji kaurin, ya ƙwanƙwasa ya ji amo, in wuri ya yi kauri ya rage, in ya kuskura ya zarce kuwa aikin yini ya tafi. Daga nan sai a ajiye shi a inuwa ya bushe sannu a hankali, gama rana tsaga shi ta ke yi. In ya bushe a kankare shi da wuƙa, a ƙona ƙarfe a bi jikinsa har ya yi baƙi, a ja masa zane a wuya, a shafe shi da mai. Amma baƙin nan na gaske, mai sheƙi kamar an shafa shuni, ba masassaƙi ke ba da shi ba. Man shanu ne, da miyar kuka, da hayaƙin ɗaki, da tafin hannun masu gida, shekara da shekaru.

A nan ya kamata mu ɗan leƙa wasu ƙasashe, don a ga bambancin hanyarsu da tamu. Mu muna juya wuƙa bisa itace, su kuwa tun da daɗewa suka koyi juya itacen bisa wuƙa. A kan kafe gungumen tsakanin ƙusoshi biyu, a naɗa masa igiya, a riƙa ja yana juyawa kamar mazari, mai aiki ya kara kaifi kawai, itace ya fito a kewaye sumul. A Masar akwai hoton masu wannan aiki a bangon kabarin wani mai suna Fetosiris, wanda aka gina wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, mutum biyu, ɗaya na jan igiya ɗaya na riƙe da kaifi. Masu sana'a na Marrakish a Maroko suka mai da shi aikin mutum ɗaya, suna jan igiyar da wani ɗan baka mai kama da bakan shiɓa na matanmu, suna tokare kaifin da yatsun ƙafa. Da irin wannan dabara aka yi dubban 'yan sandunan da aka harhaɗa tagogin tsofaffin gidajen Alƙahira.

A Ingila kuwa doguwar sanda mai lanƙwasa su ke kafawa sama, igiya ta sauko ta naɗe itacen ta kai ga abin takawa, kamar yadda masaƙinmu ke taka nasa. Da haka su ke yin akusan cin abincinsu kafin tangaran ya yi araha. Wani jirgin yaƙinsu mai suna Mary Rose ya nutse cikin 1545, da aka ɗago shi cikin 1982 sai aka tarad da akusan ma'aikatansa, waɗansu da 'yar alamar da mai shi ya zana don kada a ɗauke masa. Na ƙarshen masu wannan sana'a ta gado a can, George Lailey na ƙauyen Bucklebury, ya rasu cikin 1958. Da ya rasu ba su bar kayan aikinsa ga gara ba, suka kwashe suka kai gidan tarihin zaman ƙauye na garin Reading. Dubi wannan abu, jama'a. Turawan da suka kawo mana kwanon da ya kori akushinmu, su ne suka tattara na kakanninsu suka adana.

Yanzu kam injin juya itace mai aiki da lantarki ya iso, kafintoci a Funtua da Katsina da Kano suna fid da ƙafafun gado da na kujera da shi, goma cikin ɗan lokaci, kowace kamar 'yar'uwarta. Ba mu raina wannan aiki ba, gwaninta ce ita ma, kuma wanda ya iya ya samu abin ci. Amma a ganinmu akushin gizago ya fi shi abu guda. In kun shafa cikinsa za ku ji sawun sara ƙanana-ƙanana, kuma kowane masassaƙi da irin nasa sawun, kamar yadda kowane malami ke da irin hannunsa a rubutu. Tsofaffi su kan ɗauki akushi a kasuwa su juya shi, su ce wannan aikin gidan wane ne, ba su kuskure ba.

To, mene ne matsayin akushi cikin gida? Na maigida daban ya ke, ba yaron da ke sa hannu ciki sai an miƙo masa saura, kuma samun sauran nan daraja ce, yara har rige-rige su ke yi. In baƙo mai girma ya sauka, cikinsa a ke kai masa tuwo, a rufe da sabon faifai. In za a kai abinci gidan surukai, ko gidan malam, ko gidan mai gari ran salla, shi a ke ɗauka. Dalili kuwa a fili ya ke: itace ba ya ƙona hannu, ba ya saurin sakin zafi, tuwon da aka kwashe da magariba ya kan kai bayan lisha da ɗuminsa, kuma ba ya yin gumi ya jiƙe. A gidan gandu, inda uba da 'ya'yansa maza da ƙannensa ke noma gona ɗaya, babban akushi a ke ajiyewa a zaure su kewaye shi. Ran da aka ga kowa ya sa an kai masa nasa kwano ɗaki, to, a san gandu ya kusa rabuwa, ko da ba wanda ya furta.

Turmi kuwa na mata ne, kuma shi ne agogon ƙauye. Da jin sautinsa da asuba an san gari ya waye, da jinsa da la'asar an san tuwon dare ya kama hanya. A cikinsa a ke sussuka, a yi surfe, a yi daka, a kirɓa fura, a daka daddawa da yaji. In mata biyu ko uku suka haɗu bisa turmi ɗaya suna lugude, suna jefa taɓarya sama suna tafi kafin ta sauko, har mai wucewa bayan darni ya kan rage tafiya. Can a ke waƙa, can a ke habaici, can uwargida da amarya ke gaya wa juna abin da ba su iya faɗa baki da baki. A wurare da yawa bisa turmi a ke zaunad da amarya ran wankanta. Turmin kirya ya kan ga aurarrakin gida uku ko huɗu, watau na uwa da na 'ya da na jika. In gindinsa ya huje ma bai gama aiki ba, a kan kife shi ya zama wurin zama, ko a kwantad da shi a zuba wa awaki dusa. 'Yar kujerar nan ta tsuguno ita ce ke bin mace gidan miji, kuma sau da yawa ta uwarta ce aka kankare aka ba ta.

Allo shi ya fi su sa'a, don har yanzu ba a sami abin da ya maye gurbinsa a makarantar allo ba. Akwai gidajen malamai da yaro ke fara karatu bisa allon da ubansa ya fara, an wanke shi sau dubbai har gefensa ya lashe, fuskarsa ta yi duhu da tawadar gawayi da ƙaro. Allon zayyana na ranar sauka kuwa a kan rataye shi a ɗaki, ba a sake wanke shi.

Yaya aka yi akushi ya faɗi? Ba rana ɗaya ba ce. Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtua da Gusau ya kai Ƙauran Namoda cikin 1929. Kamfanin auduga na Ingila ya baza irin auduga 'yar Amurka, ya kafa injin gurza a Funtua da Malumfashi, sai kuɗin auduga da na gyaɗa suka shigo hannun manoma. Inda kuɗi suka shiga kuwa kanti na biye. Kantunan Turawa da na Kwara suka cika da tasoshi da kwanoni masu fenti, ja da shuɗi da fure-fure, da fari daga Turai, daga baya daga Hankon, har aka zo aka kafa masana'antunsu a Kano. Kwano ba shi da nauyi, ba ya tsagewa, wankinsa ba wuya, kuma ga ƙyalli. Iyayen amare suka mai da shi abin jere, a cika bango da shi tun daga ƙasa har sama, darajar ɗaki ta koma yawan kwanoninsa. Har ma'aunin hatsi a kasuwannin Katsina ya koma tiya ta kwano. Kada mu zargi matan nan. Wadda ta taɓa ɗaukar babban akushi cike da tuwo daga madafa zuwa zaure ta san abin da ta guje wa.

Duk da haka akushin maigida ya daɗe yana riƙe da wurinsa, saboda zafin nan da ya ke tsarewa. Abin da ya gama da shi kula ce ta roba, wadda ta zo ta yi wannan aiki nasa na ƙarshe. Turmi kuma injin niƙa ya rage masa aiki, balle da aka buɗe babban shirin noma na ƙasar Funtua da Malumfashi cikin 1975, da taimakon Bankin Duniya, takin zamani ya yawaita, masara ta mamaye gonakin da a da dawa da gero ke ciki. Masara kuwa ƙarfi gare ta, mace ba ta so ta kwana tana dakanta alhali ga inji a bakin kasuwa.

Sa'an nan ga babbar matsala, itacen kansa. Garmar shanu ba ta son kututture, don haka gonar da za a huɗa sai an tumɓuke ta. Birane na cin gawayi, kirya kuwa ita masu gawayi ke fara nema. Tun zamanin En'e aka keɓe gandun daji, aka sa malaman daji, aka ce ba a saran waɗansu itatuwa sai da takarda, amma takarda ba ta dasa itace. Masassaƙin da ubansa ke samun gungumen turmi a bayan gari, shi sai ya saya daga masu motar da ke kawowa daga nesa. Kasuwar duniya ma ta sa hannu. Madobiya, wadda ke cikin itatuwan masassaƙa da makaɗa, attajiran ƙasar Sin suka so ta don yin kujeru na alfarma, aka yi ta lodinta daga dazuzzukan Taraba da Adamawa da Kogi, har ƙungiyar duniya mai lura da cinikin dabbobi da itatuwa, watau CITES, ta sa ta cikin waɗanda a ke tsarewa cikin 2017, ta kuma dakatad da fitad da ita daga Nijeriya cikin 2018. Kirya mai kaurin da zai ba da turmi ta kan yi shekaru masu yawa kafin ta kai. Wanda ke da tsohon turmin kirya a gida, ya sani ba lalle ne kuɗinsa su sake saya masa irinsa ba.

Mu koma zauren rabon gado. Shari'a ta yi adalci, ta ba kowane magaji rabonsa, namiji kashi biyu mace kashi ɗaya, ba a tauye kowa ba. Inda mu ke kuskure wajen ƙima ne, gama kuɗin kasuwa kaɗai mu ke tambaya, kasuwa kuwa ba ta san Kakalaba ba. Abin da aka ce ba shi da kuɗi, sai ya zama ba na kowa ba, abin da ba na kowa ba kuwa na gara ne. Ko kuma dillalan kayan da su zo su saye shi da abin da bai kai kuɗin kula ba, ya ƙare a kantin masu yawon buɗe ido, ba wanda ya san gidan da ya fito. Gidajen tarihi, irin na tsohuwar Kwalejin Katsina wadda aka buɗe cikin 1922, da Gidan Makama na Kano, suna ƙoƙarin adana kayan gargajiya, Allah Ya saka musu. Amma akushin da ke bayan gilashi ya rabu da mai, ya rabu da labarinsa, sai dai a rubuta masa "akushi" a 'yar takarda, abin da kowa ya riga ya sani.

Mutanen Maroko suna da wata al'ada da ta ba mu sha'awa. Mudun da su ke auna zakkar fid da kai da shi, na tagulla, su kan zana masa salsala a jiki: an gwada wannan mudu da mudun wane, shi kuma da na wane, har a kai ga Zaidu ɗan Sabitu, sahabin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Akwai irinsu da aka yi da umurnin Sarki Abul Hasan na gidan Banu Marin, wanda ya hau sarauta cikin 1331, suna nan har yau ana karanta su. Mu da muka iya salsalar malamai da ta sarakuna, mene ne zai hana ɗan makaranta ya zauna gaban kakarsa da takarda, ko da wayar hannu mai ɗaukar magana, ya tambaye ta wa ya sassaƙa turmin nan, a wane gari, shekarar wane sarki, hannun wa da wa ya bi? Aikin yamma ɗaya ne.

Kuma abin na bukatar hanzari, don wani dalili mai ɗaci da kowa ya sani. A shekarun da suka biyo bayan 2020 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama a ƙasar Matazu da maƙwabtanta. Wanda ya gudu da dare 'ya'yansa ya ke ɗauka, ba turmi ba. Mun ji matan da suka yi gudun hijira zuwa cikin gari suna aron turmi a gidajen mutane, suna ba da labarin nasu da suka bari, kamar suna zancen wani ɗan'uwa da ba a san halin da ya ke ciki ba.

Da muka tashi sallama da yayar tamu, ashe ta riga ta sa an wanke akushin da ruwan ɗumi, ta shafe shi da man shanu, baƙinsa ya dawo har yana ɗaukar ido. Ta nuna mana ɗinkin, ta ce gyartai ne ya huda shi da ƙarfe mai zafi ya ɗaure da waya, ladansa ƙoƙon dawa, a shekarar da ƙoƙon dawa ya fi sule daraja. Malam ya sa masa kuɗin da bai kai na mudun masara ba, aka cire daga rabonta. Ta hana mu tafiya sai mun ci abinci, aka kawo tuwon dawa da miyar kuka a cikinsa, mu huɗu muka kewaye shi. Muna ci wata 'yar jikarta, ba ta fi shekara 7 ba, ta zo ta tsuguna tana bin zanen wuyansa da yatsa, ta ce, "Iya, wa ya yi wannan?" Tsohuwa ta gyara zama, ta fara daga Kakalaba.